Ƙashin Ɓera a Bangon Inna

Zuwa ga Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya fama da aiki? Da fatan kina lafiya, kuma karatu bai ƙarasa busar da ke ba, don a hotonki na ƙarshe da na gani, tabarau kawai ya rage a fuskar. Mu nan alhamdu lillahi. Yara suna gaishe ki, babansu ma haka. Sai dai Inna, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Kada ki yi mamakin takarda alhali ga waya. Kin san gidan, ɗakinta da falo bango ɗaya ne, kuma tun da ƙafa ta kwantar da ita kunnenta ya ƙara kaifi. Ko a banɗaki na ambaci sunanki sai ta ɗaga murya, "Miƙo mini Dakta!" Shi ya sa nake rubuto miki daga ofishin malamai, tsakanin darasi da darasi, hannuna duk alli.

Ƙashin ƙwaurin bai haɗu ba. Tun faɗuwar da ta yi a matakala ƙarafunan nan suna soke a ƙafar, kuma sabon hoton da aka ɗauka bai bambanta da na farko ba: baki biyu suna kallon juna, tsakaninsu duhu. Likitan ƙashi ya ce suga da shekaru ne suka hana. Ya ce a sake shiga tiyata, a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunta a cike gurbin, kuma a yi da wuri, don gindin ƙarfe ɗaya ya fara tsattsafo da ruwa. A bakin ƙofa ya ja ni gefe ya ce in ciwon ya shiga ƙashi, magana za ta koma ta yanke ƙafa.

Inna ta ce ba ta yi. Kin san dalili? Ke.

Hoton nan da kika aiko mata, ƙashi da rami a hagu, ƙashi ya cike sumul a dama, kika rubuta a ƙasa, "Gwaggo, ga aikina." Ta sa an yi masa gilashi an rataye a saman keken ɗinkinta. Duk wadda ta zo dubiya, kafin ta zauna sai an nuna mata. "'Yata ce ta haɗa wannan ƙashin, ba wuƙa ba allurar barci. Tana nan tafe da maganin." Ni kuwa ina tsugune da kwanon ruwan gishiri ina wanke ƙarafuna, sai dai in ji, "Gajera, matsa mana, kin tare wa baƙuwa hoto."

Ba zan ɓoye miki ba, abin yana ci mini rai. Tun da Kawu ya kawo ki hannunta bayan rasuwar mahaifiyarki, gado ɗaya muka kwana, aji ɗaya muka zauna, kuma ni nake koya miki lissafi in ba ki manta ba. Yau ke ce Dakta, ni da ta haifa ni ce mai tare hoto.

Ki faɗa mini gaskiya, yaushe maganin nan naki zai iso? In yana kusa, mu lallaɓa likita. In ba ya kusa, ki buɗe baki.

Taubashiyarki,
Gajera

*

Gajera tawa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai mura da ta ƙi rabuwa da ni. Ki gaida yaran, ki ce wa babansu ina yi masa sannu da haƙurin zama da ke. Tabarau yana nan, an ma ƙara masa kauri. Ke fa, an samu ƙarin tsawo, ko har yanzu sai kin taka benci kike kai saman allo?

Wasa a gefe. A tsaye na karanta maganar ƙafar Gwaggo, a bakin ɗakin gwaji, sai da na nemi kujera.

Gajera, ƙashin da ke hoton nan ba na mutum ba ne. Ƙashin cinyar ɓera ne, farin ɓera irin wanda muke kiwo a keji. Duk tsawonsa bai kai ƙaramin yatsanki ba, ramin kuwa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Na'ura ce ta ƙara masa girma. Mu a nan idonmu ya saba, kowa ya kalla ya san ɓera ne, shi ya sa ko a raina bai zo ba in rubuta.

Ga abin da nake yi, tunda ke malamar kimiyya ce ba sai na sha wahala ba. A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi sana'a ba. In ƙashi ya karye, su ne suke zuwa su zama sabon ƙashi. A jikin tsoho, balle mai suga, wajen ciwon yakan cika da wani abu mai cin su kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, sai su galabaita kafin su yi aiki. Mu kuma muna haɗa wani gari mai tsananin laushi, wanda ko madubin ƙara girma na ɗakin gwajin makarantarku ba zai ga ƙwayarsa ba, shi yake tsotse tsatsar ya bar su su sarara. Ina renon ƙwayoyin a faranti, cikin ruwa mai launin hoda, a akwatin ɗumi, ina canza musu ruwa har ranar hutu. In sun fara ajiye ƙashi na zuba rini, sai farantin ya yi ja. Ranar da na fara ganin jan nan, tsalle na yi da farar rigata, na waiga na rasa wanda zan nuna wa. Shi ya sa da na ɓera ya fito na aika wa Gwaggo.

Daga ɓera zuwa ƙafar mutum shekaru ne masu yawa, in ma an kai. Sai an maimaita, a gwada a babbar dabba, a tabbatar garin ba ya taruwa a hanta ko ƙoda. Ba ni da maganin da zan kawo mata. Likitanta ne mai gaskiya, a yi tiyatar.

Amma ki bar mata hoton tukuna. Ni zan yi mata magana.

Kin ce abin yana ci miki rai. To bari ki ji nawa. Ke kika san nauyin ƙafarta a hannu, ke take yi wa faɗa. Ni in na kira, muryar baƙi take yi mini, "Dakta, ya aiki, Allah ya yi albarka," kamar na zo awon riga. Rabon da ta zage ni tun ina 'yar makaranta. Ke kina da ita gaba ɗaya, ni kusurwar bango kawai na samu, ita ma kina ƙyashi.

Taki,
Tabarau

*

Tabarau,

Sallama irin tamu, da fatan murar ta sake ki. Ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi ta warware. Inna kuwa jiki babu daɗi, suga ya ƙi sauka.

Ɓera! Wallahi da na kai wurin nan dariya na yi har malamin lissafi ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Na ji daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba, irin daɗin da mutum ba ya so a gani a fuskarsa. Sai kuma na zo kan "ki bar mata hoton tukuna," daɗin ya koma haushi. Wato a bar miki kujerarki a bango, ƙafa kuma ta ci gaba da lalacewa har ranar da kika ga dama? Ban jira ki ba.

Ina cikin wanke ƙarafuna na ce, "Inna, kin san ƙashin nan na ɓera ne?"

Ta ce, "Wane ƙashin?"

"Na hoton Dakta. Ita ta rubuto mini."

Ta dube ni, ta dubi bango. "Ɓera mai ƙwauri kamar na baban yaranki? A wane gida kika taɓa ganinsa?"

"Na'ura ce ta ƙara masa girma, Inna."

"To ɗauko ki karanta mini inda ta ce."

Takardar tana cikin jakata. Amma kin san ta, ba za ta yarda da layi ɗaya ba, sai an karanta daga sama har ƙasa, ga maganar muryar baƙi da zagi duk a ciki. Na ce na baro ta a makaranta. Sai ta gyara matashi ta ce, "Gajera, tun kuna ƙanana haka kike. In an saya mata ɗankwali sai kin ce ya koɗe. Ki ji tsoron Allah. Yarinya tana can tana wahala saboda ni, ke kina nan kina haɗa ta da ɓera."

A gaban maƙwabciyarmu ta faɗa, wadda ta zo karɓar ɗinkinta da ba a gama ba. Na ƙarasa ɗaure bandeji, na shiga kicin na yi kuka mai isata. Gaskiya na faɗa, amma da murmushi a bakina na faɗe ta, kuma Inna ta gani.

Yanzu duk abin da ya fito daga bakina hassada ne. Mun koma asibiti, likita ya kawo maganar tiyata, ta ce masa, "Ɗan nan, ba raina ka na yi ba, amma ina da wadda ta fi ka." Bawan Allah ya cire tabarau ya murza ido ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Kin ce ke za ki yi mata magana. To ga ta nan kwance, waya a ƙarƙashin matashinta, ko caji ba ta bari a kai falo don kada ki kira ba ta kusa.

Gajera

*

Tabarau,

Assalamu alaikum. In ce dai lafiya? Ina tambaya ne don shirun ya yi yawa. Na kira ba ki ɗauka, na tura saƙo na ga alamar an buɗe. In ciwo ne Allah ya sawwaƙe. In fushi ne saboda na riga ki magana, ki ajiye shi, zan zo in karɓa daga baya.

An kwantar da Inna. Zazzaɓi ya rufe ta, ƙafar ta kumbura tana sheƙi, kuma ruwan da ke fita ya canza launi, yana wari. Ina shiga aji da warin a hancina. An sa mata ƙarin ruwa da allurai ta jijiya. Likita ya daina jan ni gefe, a gabanta yake faɗa yanzu. Ita kuwa ta juya wa bango fuska tana cewa, "Dakta ba ta ce ba."

Gadon da ke kusa da namu wata dattijuwa ce da aka yanke wa ƙafa daga gwiwa. In 'yarta ta gyara mata zane sai in kawar da kai, amma ido ya riga ya gani.

Na zauna na yi tunani, ga abin da na samo. Kin ce ƙwayoyin nan naki a ɓargo suke. Na tambayi likita ko ƙashin da ake ɗebowa a ƙugu yana ɗauke da su, ya ce ƙwarai kuwa, yana cikin dalilin da ake ɗebowa daga nan. To ki kira ta. Kada ki ambaci ɓera. Ki ce maganinki ya iso, kin turo wa likita, ke kika ba da umarnin a ɗebo daga ƙugunta. Ni kuma zan durƙusa a gaban gadon in ce ƙarya na yi, hassada ce ta sa. In kina so in nemo maƙwabciyar ma ta shaida, zan nemo ta. In ta warke ta ce ke kika warkar da ita, a ƙara wani gilashin a bango, ni zan buga ƙusar.

Kada ki ɗauka da daɗin rai nake rubuta wannan. Zuciyata tafasa take yi, biro har yana huda takarda. Amma uwata ce, kuma ƙafa biyu nake so in mai da ta gida da su. Ki karɓi sunan, na bar miki.

Gajera

*

Gajera,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, abin kunyar ke nan, ko murar da zan fake da ita ta tafi. Ya jikin Gwaggo? Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki.

Ba fushi nake ba. Da na ce ki bar mata hoton, ba kujera nake tsaro ba. Muna tsakiyar maimaita gwajin ne a wani rukunin ɓeraye, sai na ce bari sakamakon ya fito, in na ce mata "ɓera ne," in samu abin da zan ɗora a kai, in ce "amma Gwaggo, an sake yi ya sake yi." Ban so in zo mata hannu wofi. Haka aikinmu ya horar da mu, ba ma buɗe baki sai abu ya maimaitu, sai na ɗauki wannan halin na kai shi inda ba wurinsa ba. Kullum in ce saura kaɗan. Na sha danna lambarta in kashe kafin ta shiga.

Sakamakon ya fito. Wasu sun haɗu, wasu ramin yana nan yadda na bar shi. Shugaban ɗakin gwajinmu ya ce haka bincike yake, a sake awon garin a koma. Shi bai san akwai wata ƙafa da ta jira waɗannan ɓerayen ba.

Takardarki ta ƙarshe kuwa ta gama da ni. Na shiga ɗakin sanyi inda muke ajiye magunguna, don nan ne ba mai daɗewa, na yi kuka har tabarau ya yi hazo. Kuma ko a cikin kukan sai da na ji kishinki. Na ce ji Gajera, ta sake riga ni. Ni na kasa ba da hoto, ke kin ba da mutuncinki sukutum.

Ban karɓa ba. Ba za ki durƙusa ki ƙaryata gaskiya saboda ni ba, kuma ba zan sa sunana a aikin likitan da yake tsaye a kanta ba. Maganar ƙugu gaskiya ce, zan faɗa mata ita. Ta ɓera ma gaskiya ce.

Ba a shiga ɗakin dabbobi da waya, amma na roƙi mai kula da su ta yarda, in na sa ta a leda. Gobe in an gama wankin ciwo na safe, ki zauna kusa da ita ki riƙe mata wayar. Zan kira ta bidiyo. Ki riƙe da kyau, kin san hannunki da rawa.

Taki ko kin ƙi,
Tabarau

*

Tabarau,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya majinyatanki masu jela? Mu alhamdu lillahi. Na daɗe ban rubuto ba, kin san inda nake, kuma a waya Inna ba ta barin a gaisa. Yara suna wajen dangin babansu har yanzu, ni na rame har zobe yana zamewa.

Ke fuskarta kawai kika gani ranar nan, ni na ga sauran. Da kika ɗago ɓeran da safar hannu, kika nuna mata inda aka aske cinyar, hannunta ya kamo gefen zanena ya murɗe. Kin ji ta ce, "Wannan ne mara lafiyar?" kin ji ta yi dariya. Bayan kin kashe ba ta ƙara dariya ba. Ta kalli silin ta ce, "Ashe 'yar nan ɓeraye take yi wa ɗawainiya." Na jira ta ce, "Gajera, ashe gaskiya kika faɗa." Na gyara zama ma. Sai ta ce, "Zaune kike? Je ki kira mini likitan, kin wani zuba mini ido."

Amma kin ji abin da ta ce miki kafin ki kashe, ko? "Shashasha, mai ƙaton tabarau, da bakinki ciwo yake?" To ga zagin da kike nema, an ba ki. Na ga haƙoranki a waje kina hawaye.

Tiyata biyu aka yi maimakon ɗaya. Da suka buɗe, ciwon ya riga ya ci bakin ƙashin, dole suka yanke wanda ya mutu, suka jira wurin ya yi tsabta, sannan aka koma aka ɗebo na ƙugu. Jiya likita ya ɗora sabon hoto a jikin fitila ya nuna mini wani fari-fari kamar hayaƙi a tsakanin bakin biyu. Ya ce shi ne sabon ƙashi. Na tsaya ina kallo har ya ce, "Malama, akwai wasu a layi."

Ƙafar tana nan, Tabarau. Sai dai ta gajarta, kamar faɗin yatsu biyu. Ya ce da an yi tun farko da ba a kai ga haka ba. Ban faɗa don in soke ki ba, ni ma ina da kasona, da na iya bakina ranar nan. Za ta taka, amma da ɗingishi, har ƙarshen rayuwarta.

Kin san me take faɗa wa matan ɗakin? "'Yata Dakta ce ta ce a yi." Haka nan, ba kunya. Ni kuwa na zama "yarinyar nan mai nauyin hannu." Amma in ma'aikatan jinya suka zo juya ta sai ta ce a dakata, a kira mai nauyin hannun.

Likita ya ce in ta fara takawa sai an ƙara wa takalmin hagu tudu. Na san ki. Yanzu haka kin fara tunanin wani kanti a can mai takalman asibiti masu tsada, a zo da shi a kwali, a nuna wa 'yan dubiya. To ki saurare ni. Na riga na auna ƙafar da zaren ɗinkinta, na ɗauki baƙin takalminta na kai wa mai gyaran takalmi na bakin titinmu, na tsaya a kansa har ya yanka robar a gabana. Bai yi kyau sosai ba, gam ɗin ya ɗan fito ta gefe.

Ki aiko da duk abin da kika ga dama. Takalmi dai kada ki aiko, wannan nawa ne.

Taubashiyarki,
Gajera